Jan gidan Kelham da ka nuna mini

Ka tambaye ni yadda aka yi gidan da mai kuɗi ya gina wa iyalinsa ya koma hedkwatar ƙaramar hukuma ba a rushe shi ba, wato jan gidan nan na Ingila da ka gani a waya. Ajiye kwanon siminti, yaro, zo ka zauna.

Sunansa Kelham Hall, yana bakin kogin Trent kusa da garin Newark. Gobara ce ta cinye tsohon gidan da ke wurin a 1857. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, shi ya sa da mai gidan, John Manners-Sutton, ya ɗauko George Gilbert Scott ya zana masa sabo, aka yi shi yadda wuta ba za ta samu abin ci ba. Manyan ɗakunan, da bulo da dutse aka rufe su, a lanƙwashe, kusan irin daurin gugan da ka gani a tsofaffin sorayenmu. An gama a 1863, amma aljihu ya riga ya huce: hasumiyar agogo ta tashi, agogon bai zo ba. Masu ba mu aiki ko'ina halinsu ɗaya.

A 1903 wata ƙungiyar malaman coci ta mai da shi makaranta, har suka ƙara ɗakin ibada mai ƙubbar kankare a 1928. Bayan shekara 70 da zuwansu suka tashi, hukumar gundumar Newark ta shigo da teburanta, ta zauna har 2017.

To, ga inda ya shafe ka. Rufi mai baka ba ƙasa kawai yake danna bango ba, gefe yake tura shi. Ofis kuwa kullum ƙofa yake so nan, taga can, a raba falo uku. In aka ba ka irin wannan aiki, kada gudumarka ta taɓa bango sai ka ɗaga kai ka bi bakan da ido, ka ga inda ƙafarsa ta sauka. Wurin nan ba a fasa shi, ko shugaban hukuma ne ya ce. Raba ɗaki kuma da katako mara nauyi ake yi, wanda gobe za a cire ba tabo.

Tashi, kwaɓin nan ya fara bushewa.