Shin damuwar uba da abincinsa na shafar ƙwaƙwalwar ɗa?

Malam, ka tambaya ko damuwa da cimar namiji kafin a samu ciki suna taɓa halin ɗansa. E, akwai alama, amma yawancin hujjar daga ɓeraye take. A 2013, masu bincike Dias da Ressler na Jami'ar Emory a Amurka sun koya wa mazan ɓeraye tsoron wani ƙamshi. 'Ya'yansu da jikokinsu suka fito suna saurin razana da shi, alhali ba su taɓa shaƙarsa ba. Ƙwayar gadon ba ta canza ba, alamomin da ke kunna ta ko kashe ta ne suka sauya. Abinci mai yawan kitse ma yana sauya ƙananan RNA da maniyyi ke ɗauke da su, wato sinadaran da ke daidaita aikin ƙwayoyin gado. A mutum kuwa, raba wannan da tarbiyya aiki ne ja, shi ya sa ban yarda a ɗora wa uba laifin kowane hali ba.