Auta, ga amsar tambayarka kan koyon kare kai

Auta, ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai. Mu nan Alhamdulillahi, gero ya nuna, an fara yanka. Saƙonka ya same ni ranar Alhamis ina hanyar dawowa daga kasuwar Maigatari, sai da na kwana biyu ina juya shi a raina kafin na zauna amsawa. Ka ce an tare abokin karatunka da wuƙa bayan magariba an ƙwace masa waya, shi ya sa ka duƙufa kallon bidiyon faɗa irin na soja, wanda ka kira kraf maga. Kana tambaya ko a al'adarmu dole ne sai yaro ya durƙusa gaban wani kafin ya iya kare kansa, ko abin da ke cikin waya ya wadatar.

Bai wadatar ba, ɗana. Hankalina ma ya fi tashi da wannan kallon naka fiye da labarin ƙwacen.

Lokacin da muke tasowa a ƙasar Gumel, kokawa abin kaka ce. Idan an kai amfani rumbu, wata ya yi fari, sai a share dandali, makaɗa su zo, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Amma ba a taɓa barin yaro ya faɗa fili don kawai yana jin ƙarfi ba. Da riƙe wa manya riga ake farawa, da ɗebo musu ruwa. Idan wani dattijo ya ga alamar jiki gare ka, shi zai je wurin mahaifinka ya nemi izini, ko mahaifinka ya kai ka da ɗan goronsa. Daga ranar akwai mai amsa sunanka. Ka yi rashin kunya a fili, shi za a kira kafin kai.

Ni ƙanen kakanka ne ya ɗauke ni, Allah ya jiƙansa. Ya kai ni yashin bayan gari, na zaci ranar zan koyi ɗaga mutum. Mako biyu cur ba abin da ya koya mini sai faɗuwa. Zai kama kafaɗata ya share ƙafata, in tashi, ya sake. Yana cewa in manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, in faɗi ta gefe, kada in tokare da tafin hannu. Rana ɗaya na tokare, wuyan hannuna ya gurɗe. Shi ya kai ni gidan maɗori da kansa, ya riƙe ni ana ja. Da na warke, tafin hannunsa yake sa mini a bayan wuya duk lokacin da zai kayar da ni, har jikina ya daina neman tokarewa. Wannan hannun da ke bayan wuyana, wace waya ce za ta sa maka shi?

Haka dambe, wanda asalinsa na mahauta ne, da kalangunsu. Hannu ɗaya a naɗe da zare, ɗayan a buɗe yana tsaron fuska, turmi uku ake yi. Abin da ake kira kisa a dambe shi ne ka kai mutum ƙasa. Da hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka. Yaron da ya tashi a hannun manyan 'yan dambe, tare yake koyon naushi da sanin inda naushi ke tsayawa.

Da na shiga soja a 1979, difo na Zariya aka kai mu, inda ake horar da kurata tun 1924. Barikin ma sunan Chindit gare shi, don tunawa da dakarun da suka yi yaƙi a dajin ƙasar Burma a 1944, cikinsu har da namu na Najeriya. Wata da watanni muka yi ana gasa mu. Abin da ya ba ni mamaki, sajen da ke koya mana faɗa ba makami, da faɗuwa shi ma ya fara, kamar ya yi shawara da tsohon nan na ƙauye. Zai zagayo bayanka ya sa takalminsa ya tura dunduniyarka ta matsa kamar faɗin yatsa huɗu, sannan ya ture ka a ƙirji. Ɗazu ka tangaɗa, yanzu ka tsaya kyam. Kai ba ka san ƙafarka ba ta daidai ba, kuma da kai kaɗai ne da shekara za ka yi kana maimaita kuskuren har ya zauna maka a jiki.

Ga abin da nake so ka riƙe sosai. Wata rana ya sa muka tsaya biyu biyu cikin farar singileti. Ya ba ɗaya guntun itace da aka shafe da gawayi a matsayin wuƙa, ya ce ɗayan ya ƙwace. Mun riga mun koyi kamun hannu da murɗewa, kowa na ji da kansa. Sai ya ce wa masu itacen kada su miƙa hannu su jira, su kai sara da suka yadda ɓarawo zai yi. Cikin ɗan lokaci ya busa usur. Na duba jikina: baƙin layi a damtse, biyu a haƙarƙari, ɗaya a gefen wuya. Kuma na ƙwace itacen fa. Ya bi layi yana nuna wa kowa nasa tabon, bai ce komai ba. A bidiyon da kake kallo, mai wuƙar abokin mai koyarwar ne, sau ɗaya yake miƙa hannu ya tsaya. Ɗan daban da ya sha ƙwaya ba ya tsayawa, kuma da wuya ya zo shi kaɗai.

Ita kanta kraf maga ɗin ban raina ta ba. Wanda ya tsara ta, Imi Lichtenfeld, ɗan kokawa ne kuma ɗan dambe tun yana saurayi a Turai, kafin ya zama mai horar da sojojin Isra'ila daga 1948. Da jikinsa ya koya, a hannun mutane, kuma gaba da gaba ya koyar.

Saboda haka idan aka nuna maka wuƙa don waya, miƙa wayar. Kawunka da ya yi soja ne ke faɗa maka. Za mu haɗa kuɗi a sayi wata. Kada ka bi lungu kai kaɗai bayan magariba, kada ka tafi fuskarka a kan waya, kunnuwa a toshe. Faɗa sai inda ba hanyar gudu, ko aka taɓa rai ko mutuncin wani a gabanka. Dokar ƙasa ta ba ka damar kare kanka, amma gwargwadon barazanar. Wanda ya juya ya gudu ka bi shi ka illata, kai za ka tsaya gaban alƙali. Ka kuma san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Wani zai zo maka da zancen maganin ƙarfe, ya ce 'yan tauri na sara jikinsu wuƙa ba ta ci. Ka bar wa masu shi abinsu. Na ga jinin mutanen da suka dogara da laya da guru.

Ban hana ka koyo ba, ina ma so. Ka je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ka tambayi inda masu judo ko takwando ke atisaye. Ranar farko ka zauna gefe ka yi kallo kawai. Duba ko yana koya wa sababbi faɗuwa, ko yana barin manya su huce a kan ƙanana, da yadda yaransa ke gaida mutane idan an tashi. Wanda ya ce zai mai da kai soja cikin mako guda, ko ya kira ka bayan gari a ɓoye, ko ya ce ka nemo kaki, ka yi nesa da shi. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, ka turo mini lambarsa in yi magana da shi kamar yadda aka yi mini, ka kuma sanar da mahaifiyarka kafin ka fara.

Idan kun samu hutu ka zo gida. Gwiwata ba ta kamar da, amma yashin bayan gari na nan, kuma 'ya'yan yayanka biyu sun isa fara koyo, sai in haɗa ku. Ka taho da tsohuwar farar riga wadda ba ka jin asararta. Gawayi akwai shi a murhu.

Ka gaida abokin naka, Allah ya mayar masa da alheri.

Kawunka