Ruwan Dare a Barga

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, saƙonka ya iso, kuma na sa ƙanwarka ta karanta mini shi har sau biyu. Ka ce yaron bargarka yana kwashe bokitan ruwa daga gaban dawakinka biyu da zarar an yi magariba, ba ya mayarwa sai hantsi, kuma da ka yi masa magana ya ce haka al'ada take, wai dokin da ke kwana da ruwa yakan yi tumbi ya yi nauyin gudu, ga shi yana jiƙa barga da fitsari. Kana tambaya ko da gaske haka iyayenmu suka yi. Na yi murmushi da na ji an jawo al'ada cikin wannan magana, amma murmushin bai daɗe ba, domin da na ƙidaya daga magariba zuwa hantsi sai na ga awa 14 ke nan dabba tana ɗaure a turke, gabanta harawa busasshiya, babu ko ɗigon ruwa.

Kai ba ka riski bargar gidanmu ba lokacin da take cike. Dawaki uku ne a cikinta sa'ad da nake yaro, akawal, wato baƙin doki, na kakanka wanda yake hawa idan zai bi hakimi, da wani kili tsoho, da goɗiya ɗaya. Mai kula da su wani dattijo ne da duk gidan muke kira Baba, kuma ban taɓa sanin yana da wurin kwana ba in ban da 'yar rumfar da ke jikin bargar, inda yake shimfiɗa buzunsa. Shi ya koya mini ɗaura ragama, da yadda ake sa dabaibayi ba tare da ya ci ƙafar doki ba, da yadda ake jiƙa dusa da ruwan kanwa. Game da ruwa kuwa, lokutan salla su ne agogonsa. Ba ya yin alwala sai ya leƙa kwatarniyar kowane doki, bayan lisha kuma yakan cika su fal kafin ya kwanta. Abin da yakan faɗa shi ne, wanda ya kafa turke shi ya ɗauki ƙishirwa. Ban gane maganar ba sai a Babbar Sallar 1965.

Sallar ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, Sarki Ado Bayero bai cika shekara biyu a kan karaga ba, ni kuma ina ɗan shekara 13, karo na farko da aka yarda in bi ayari zuwa birnin Kano. An sauke mu a wani gida a cikin gari, aka kafa turaku a wani fili da ke bayansa. Tun ranar da muka isa akawal ya riƙa shinshina ruwan rijiyar gidan yana kau da kai, domin doki ya san ɗanɗanon ruwan garinsu kuma yana da tsantseni da baƙon ruwa. Sai Baba ya barbaɗa ɗan dusa a sama kafin ya yarda ya sa baki, shi ma ba ya sha ya ƙoshi. Washegarin Sallah aka yi Hawan Daushe. Hawan na yamma ne, amma tun azahar aka ɗaura sirdi da jalala da sauran kayan ado masu nauyi, dawaki suka tsaya cikin rana da ƙura suna jiran layi, sannan ga sukuwar jafi a Ƙofar Kudu. Ba mu dawo masauki ba sai bayan magariba. Da na kwance sirdin, gumin akawal ya bushe ya bar farin gishiri a kafaɗunsa da ƙirjinsa, kamar an shafa masa toka.

A daren nan aka aiko kiran Baba zuwa masaukin hakimi saboda wani doki da ya gurɗe. Kafin ya fita ya ce mini in jira numfashinsu ya kwanta in shayar da su, sannan in cika kwatarniyoyi kafin in kwanta. Randar gidan ta kusa ƙarewa saboda yawan baƙi, 'yan garuwa kuma duk sun tafi nasu bikin. Na ba kowane doki ƙwarya guda, na zuba musu harawa da yawa, na ce a raina idan na dawo zan ja ruwa a rijiya. Yaran unguwar suka ja ni kallon kiɗa, aka yi ta ba mu soyayyen naman layya gida gida, na dawo a gajiye, na jingina da buhun dawa da niyyar in ɗan huta. Ban farka ba sai da na ji wani sauti da har yau yake kunnena, wato karan haƙoran doki a kan busasshen gindin kwatarniya.

Baba yana tsaye da fitilar ƙwai a hannu. Akawal yana tonon ƙasa da kofaton gaba, yana waiwayen cikinsa, ya durƙusa kamar zai kwanta ya sake miƙewa, wani sabon gumi yana tsattsafo masa a wuya alhali dare ya raba. Baba ya kama fatar wuyansa da yatsu biyu ya ja ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba sai a hankali. Ya ɗaga leɓensa ya shafa dasashi, ya ce ya bushe. Ya haska bayan turken, muka ga ɗan kashin da ya yi, 'yan dunƙule ƙanana masu tauri kamar ƙwallon goruba. Daga nan ya sunkuya ya sa tafin hannunsa a cikin kwatarniyar, ya ɗago, ya ɗora mini shi a kunci. Hannun a bushe yake ƙayau, har da ɗumi. Bai dake ni ba, bai kuma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, kai ka ci nama ka sha ruwa ka kwanta, shi kuwa da ya ɗauki ubanka wuni guda a rana, igiyar da ka ɗaure shi da ita ce ta hana shi zuwa rijiya.

Ni na ja guga a daren nan har tafin hannuna ya yi kanta. Matar gidan, Allah ya jiƙanta, ta tashi ta hura wuta ta ɗumama mana ruwa, Baba ya dama shi da dusa ya yi tsululu, yana ba akawal kaɗan kaɗan, ya kuma kwashe duk harawar da ke gabansa. Ya miƙa mini ragama ya ce in yi ta zagaya filin da shi a hankali, kada in bar shi ya yi birgima ya ji wa kansa rauni. Muka yi ta zagayawa, ni a gaba ina kuka ba sauti, Baba a gefe yana kara kunnensa a cikin dokin lokaci lokaci yana sauraron ko hanji ya fara motsi. Ana kiran assalatu akawal ya tsaya ya ɗaga wutsiya ya yi kashi, Baba ya ce alhamdulillahi, sai a sannan ya zauna. Kakanka bai hau akawal a Hawan Nassarawa ba, aron doki aka yi masa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba. Kakarka ce da muka koma gida ta ce mini dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma tana da wanda za ta kai wa, ta kuma tuna mini hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Da na girma na zauna da likitocin dabbobi, sai na tarar abin da Baba yake yi da ido da tafin hannu su suna da lissafinsa. Doki yana bukatar kimanin lita 5 na ruwa a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a yini da kwana, ko da bai yi aikin komai ba. Ka ga dokin da ya kai kilo 400 yana neman lita 20 ke nan a ranar hutu mai sanyi, a bazara kuwa idan an hau shi ya yi gumi, abin yakan ninka ko ya wuce haka. Ɗanyar ciyawar damina yawancinta ruwa ne, shi ya sa za ka ga doki bai damu da bokiti sosai ba a lokacin, amma harawa da ingirici da dawa kusan babu ruwa a cikinsu, sai dokin ya haɗa da yawunsa da ruwan jikinsa kafin su wuce. Doki kuma ba ya yin barcin dare gaba ɗaya irin namu, yana ɗan runtsawa ne ya farka ya ci, kuma bayan cin busasshen abinci ne ya fi neman ruwa. Idan bai samu ba, abincin yakan daskare a babban hanji ya toshe, ga shi Allah bai halicce shi da iya amai ba. Wannan ƙullewar cikin ita ta kama akawal, kuma na ga dawakin da ba ta bari sun kai safiya ba. Yau idan ka ga waɗannan alamu, ka kwashe abinci ka kira likitan dabbobi nan take, kada ka tsaya ɗure.

Akwai ɗan abin da yaronka ya tsinta ya riƙe a karkace. Gaskiya ne iyayenmu ba sa barin dokin da ya sauka daga sukuwa yana haki ya afka wa ruwa, sai an ɗan zagaya da shi, ko da yake likitocin yanzu sun sassauta a kan wannan ma. Gaskiya ne kuma a garuruwan da ruwa ke da nisa akan ja dawaki zuwa rafi ko bakin rijiya a lokuta sanannu. Amma masu yin haka a gefen dawakin suke kwana, kunnensu na jin motsin kowanne, kuma su ne suke kawo kantun gishirin Bilma da jar kanwa su ajiye, sun kuwa san mai lasar gishiri dole ya nemi ruwa. Abin da ke ba ni takaici da masu dawakin yanzu shi ne, mutum zai kashe kuɗi mai yawa a kan kayan ado da rawani, ya ɗauki hoto a waya ranar hawa, amma a yi wata guda bai taka bargarsa da dare ba, ya bar amanar ga yaron da ba a koya wa komai ba, ba a kuma biya shi abin kirki ba. A watan Disamba na 2024 aka ce hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su, na yi murna ƙwarai, sai dai hawan nan a bayan dabbobi yake tafiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ka kori yaron, ka zauna da shi ka nuna masa. Ka samo wa kowane doki bokiti biyu irin na fenti mai lita 20, domin idan ya ture ɗaya ko ya yi kashi a ciki ya samu na biyu, ka zaunar da kowanne a cikin tsohuwar tayar mota don kada ya kife, ta wajen kansa, inda igiyar turke za ta kai ba tare da ya shaƙe ba. A wanke su kullum, saboda dusar da ke zuba daga bakinsa tana tsami, shi kuma gara ya kwana da ƙishirwa da ya sha ruwa mai wari. Da hunturu a surka da ruwan ɗumi, domin idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai yakan rage sha, alhali a lokacin ne abincinsa ya fi bushewa. Jiƙewar barga kuwa maganinta yashi da tsintsiya.

Maganar tumbi zan bar ta tukuna. Ina so kai da kanka ka fita bayan lisha dare bakwai a jere, ka cika bokitan da hannunka, ka dawo da asuba da tocila ka ga abin da ya ragu. Ka rubuto mini lita nawa kowannensu ya sha da yadda kashinsu yake, ka kuma gaya mini rabon da a ba su maganin tsutsar ciki. Ka gaida mini maiɗakinka da yara.

Baffanka.