Ga mai son kama shago a Kumasi: fara sanin abin da doka ta bar wa baƙo

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya ce ya zo Kumasi daga Kano, yana tsaron shagon kayan waya na wani, ya tara ɗan jari kuma yana son kama nasa shagon a Adum, unguwar kasuwanci ta tsakiyar Kumasi: malam, ka ɗan jingine maganar shagon tukuna.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga Ghana ba biza, ka zauna kwana 90. Ba ta ba ka damar kasa kaya a kasuwa ba. Dokar hukumar zuba jari ta Ghana (GIPC) ta 2013, wato Act 865, ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa, talla, ƙananan rumfuna, aski da gyaran gashi, har da tasi in motocinka ba su kai 25 ba. Baƙon da zai kafa kamfanin saye da sayar da kayan da aka shigo da su, sai ya nuna jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki ƙwararrun 'yan Ghana 20 aiki. Sauran sana'o'i dala 500,000 ne in kai kaɗai ne, 200,000 in ka haɗa da ɗan ƙasa mai kashi 10 cikin ɗari aƙalla. Da wannan dokar ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020, a Suame Magazine da ke Kumasi da kuma Circle a Accra. A 2025 Shugaba Mahama ya ce za a cire sharaɗin jarin, don haka ka je ofishin GIPC da ƙafarka ka ji matsayin da ake ciki kafin ka ba kowa ko sisi.

Za a ba ka shawarar ka yi rajista da sunan wani ɗan ƙasa, kai kana daga baya. A nan dukiyar mutane da yawa ke salwanta. Takardar haya, rajista, asusun banki da layin MoMo (asusun kuɗi na waya) duk sunansa suke ɗauke da shi. Ranar da kuka saɓa, ko ya rasu magada suka zo rabon gado, ba ka da abin nuna wa alƙali, kuma tun farko laifi ne a doka. Ga kuɗin shagon kansa: dokar haya ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma masu gida na neman na shekara biyu, ban da kuɗin gudwil, wato na samun gurbin shagon. In aka rufe shagon, wannan kuɗin ya kwanta ke nan.

Abin da dokar ta sassauta a kai shi ne sarrafa kaya da fitar da kayan Ghana waje, domin waɗannan biyun babu sharaɗin mafi ƙarancin jari a kansu. Kuma hanyar kakanni ce. Alhassan Dantata da goron wannan ƙasa ya kafu, yana tura shi Legas ta jirgin ruwa. In goro za ka yi, fara da huhu biyu ko uku, ka nemi maigida, wato dillali mai saukar da fatake, a unguwar Aboabo ko Asawase wanda fatake suka daɗe da sani, ku yanke la'adarsa tun kafin a taɓa kaya. Goro na son ganye mai laima, kuma sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba ɗaya ya ɓata saura kafin mota ta wuce iyakokin Aflao da Seme a hanyar Legas. Ka yi rajista da hukumar GEPA mai kula da fitar da kaya waje, ka karɓi takardar lafiyar tsiro daga ma'aikatar noma, ka kuma san wanda zai karɓi kayan a Najeriya da farashinsa kafin ka ɗaura. Ka tuna Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shi ya sa ba a zuba jari duka a mota ɗaya.

Takardunka na kanka su ne gaba da komai: izinin zama daga hukumar shige da fice, katin Ghana na baƙi, rajistar kamfani a ofishin magatakardar kamfanoni (ORC), lambar haraji ta hukumar tara haraji (GRA), sai lasisin hukumar birnin Kumasi (KMA) na shekara-shekara. Kada ka yarda wani ya samo maka katin ɗan ƙasa ta bayan fage.

Sai lissafin riba. Wanda ke saye da sidi yana sayarwa da naira, kuɗi biyu ke motsi a ƙarƙashinsa. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, mutane suka ga kuɗi ya ƙaru a hannu amma bai sayi yawan kayan jiya ba. Ka riƙa auna ribarka da adadin huhun da kuɗin zai sake saya a ranar da ya dawo hannunka, bayan ka cire kuɗin mota, la'ada, kwastan da ladan mai canji.