Azumi a wajenmu Hausawan Sudan

Malam, ka tambayi yadda muke shan ruwa a nan, ko irin na Kano ne. Ba iri ɗaya ba ne. Kakanninmu sun zauna a bakin kogin Nilu, a garin Mai Wurno da ƙauyukan yankin Jazira, tun da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, don haka azuminmu ya ɗauko al'adar mutanen ƙasar.

Namiji ba ya buɗa baki a cikin gida. Kafin magariba a shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da tirensa: asida, wato tuwon dawa mai ɗan tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa da garin nama, da dafaffen wake da ake kira balila, da dabino. Duk mai wucewa sai an tsayar da shi. A hanyar Khartum zuwa Wad Madani har motocin fasinja samari ke tarewa. Baƙo ya ce yana sauri, an ɗauka raini ne. Mata kuwa a ciki suke sha. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa unguwanni da yawa, amma inda mutane suka sake zama, tabarmar tana fitowa.

Abin sha na farko shi ne hilu-mur, kuma tun Sha'aban mata ke haɗuwa su yi shi gida-gida. A jiƙa jar dawa kwana ɗaya, a baza ta a kan jiƙaƙƙen buhu a rufe, ana yayyafa ruwa kwana uku zuwa huɗu har ta yi tsiro, sannan a shanya a niƙa. A tuƙa tuwo da garin dawar da ba ta tsira ba, a sauke, a zuba garin tsiron, kimanin mudu da mudu. Shi ke narkar da tuwon ya kawo zaƙi. Sai citta, kirfa, hulba, tsamiya da zoɓo. A rufe kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami, a riƙa shafa shi siriri a kan faifan ƙarfe mai zafi, a naɗe, a shanya.

Wuta ita ce ke ba da matsala. Ta yi yawa ya ƙone ya yi ɗaci, ta yi kaɗan ya fito fari ba ƙamshi. Wanda aka adana da sauran danshi kuma fumfuna zai yi kafin goman tsakiya. Ranar sha a jiƙa shi da ruwan sanyi awa biyu zuwa uku, a tace ba tare da an matse ba, a sa sukari.

Wani abin da zai ba ka mamaki: a wajenku saurayi ke kai kayan shan ruwa gidan budurwa. A nan gidan yarinya ne ke aika wa dangin miji hilu-mur, zoɓo, tsamiya, garin kuka na sha da kofuna, ana ce masa moyat Ramadan. In za ku nemi aure a cikinmu, ku shirya tukuicin masu kawowa.