Tashoshi biyar, yara uku da Hajiya: fita nawa za mu biya wa kuɗi?

Assalamu alaikum. Muna zaune a Manchester ni da maigidana da yaranmu uku, masu shekara 13 da 9 da 4. Surukata Hajiya za ta zo mana hutu daga Kano, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Maigida ya kama mana ɗakuna a jirgin ruwan shaƙatawa na kwana bakwai a Bahar Rum cikin watan Agusta. Daga Basalona za mu tashi, mu tsaya a Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo da Valletta, a jere, sai yini ɗaya a tsakiyar teku kafin mu dawo. Kamfanin jirgin ya ishe mu da saƙo, wai mu sayi tikitin fita yawo na kowace tasha kafin gurbi ya ƙare. Da muka haɗa lissafin mu shida sai ya haura Yuro 2,000. Maigida ya ce tunda an zo, a ga komai. Ni kuwa ina ganin abin ya yi yawa. Guda nawa ya kamata mu saya?
Maman Sadik

Wa alaikumus salam, Maman Sadik. Ku sayi ɗaya. In Alhaji ya matsa, biyu. Sauran tashoshin ku sauka da ƙafarku, ku dawo lokacin da kuka ga dama, kuma ku bar rana ɗaya da ba a tsara komai a cikinta ba.

Ba sunan gari ake dubawa ba wajen yanke wannan shawara. Tazarar da ke tsakanin inda jirgi zai tsaya da abin da ake son gani ake dubawa. Inda tazarar ke da yawa, kuɗin da kuka ba kamfanin jirgi yana saya muku kwanciyar hankali, domin idan motar da suka ɗauke ku a ciki ta makale a hanya, jirgi zai jira ta ko kamfanin ya san yadda zai kai ku. Inda kuwa gari ke bakin ruwa, kuna biyan kuɗi ne kawai a zagaya da ku a bas zuwa wurin da za ku iya takawa cikin minti ashirin.

A jerin naku, wuri ɗaya ne ke da wannan tazara: Civitavecchia. A takardar talla za su rubuta Rum da manyan baƙaƙe, amma birnin Rum ba a bakin teku yake ba, yana da nisan kusan kilomita 80 daga tashar. Wanda zai je da kansa sai ya shiga motar tasha ta fitar da shi ƙofa, ya nemi hanyar tashar jirgin ƙasa, ya yi tafiyar awa ɗaya ko fiye, sannan da yamma ya sake maimaita duk wannan, ido na kan agogo. Jirgin ƙasan yana da araha ƙwarai, kuma saurayi shi kaɗai da jaka a baya zai iya. Amma ke da ɗan shekara 4 da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga cunkoson masu komawa jirgi a taragu ɗaya, ga yajin aikin ma'aikatan sufuri da ba baƙon abu ba ne a Italiya, ban ga dalilin jefa kai cikin wannan ba. Nan ne za ku kashe kuɗin.

Ko a nan ɗin ma ku yi zaɓi da hankali. Akwai fitar da ke alƙawarin Kolosiyam (tsohon filin wasan Rumawa) da Fatikan (fadar Paparoma) da maɓuɓɓugar ruwa ta Trevi duk a yini ɗaya. Ku guje ta. Awa tara ko goma ce, ɗan jagora na gaba riƙe da tuta yana sauri, ku kuna baya kuna jan yaro, zafin Agusta a Rum kuwa yakan haura digiri 30, ga duwatsun titi da ke hana keken yaro tafiya daidai. Akwai wata da mota ce kawai za ta kai ku tsakiyar gari ta sauke ku, ta ba ku lokacin dawowa. Ita ce ta fi dacewa da ku: kariyar jirgi tana nan, amma ku ne masu iko da ƙafarku. Ku zaɓi abu ɗaya. In Kolosiyam ne, ku sayi tikiti ta intanet tun kuna gida, domin da lokaci ake shiga kuma sunan mutum ake rubutawa a kai, don haka ku riƙe shaidarku. In gidan tarihin Fatikan ne, ku duba ranar, ba ya buɗewa ran Lahadi sai Lahadin ƙarshen wata. Kowa ya riƙe gorarsa. Akwai famfunan titi a ko'ina cikin Rum da ruwansu ke zuba dare da rana, mai sanyi, kuma ana sha.

Game da Hajiya kuwa, kada a yanke mata hukunci a bayan idonta, kuma kada a tambaye ta a gaban ɗanta, domin kunya za ta sa ta ce za ta iya. Ke ki same ta ku biyu, ki faɗa mata yawan tafiyar ƙafar da ke ciki. Idan ta zaɓi zama a jirgi ranar, ba asara ta yi ba. In ta yarda ƙaramin ya zauna da ita, kun rage kuɗin mutum biyu, kuma manyan yaran za su ga Rum ba tare da kukan ƙaninsu ba.

Washegarin Rum ita ce Palermo da ke tsibirin Sisili, kuma ita ce ranar da nake so ku bari a buɗe. Kowa zai tashi da ciwon ƙafa. Tashar tana jikin gari, saboda haka ba sai an yanke shawara tun yanzu ba. In an karya kumallo an ga da sauran ƙarfi, a ɗauki tasi zuwa babbar majami'ar garin. Musulmi sun karɓi Palermo a shekarar 831 suka mulke ta fiye da shekara 200, kuma har yau a jikin wani ginshiƙi da ke ƙofar majami'ar akwai ayar Alƙur'ani daga Suratul A'araf da aka sassaƙa. Ɗan shekara 13 zai daɗe yana ba da labarin wannan fiye da duk abin da ɗan jagora zai karanta masa. Daga nan kasuwar Ballarò ba nisa. Ku nemi panelle, wanda ake soyawa da garin wani irin wake, ɗan'uwan ƙosai ne sai dai shi fale-fale yake. Amma ku yi tambaya kafin ku sayi kayan fulawa, domin mutanen Sisili suna yawan sa kitsen alade a cikinsu, har da cannoli ɗin da kowa ke yabo. Awa biyu ko uku sun isa, ku koma jirgi ku ci abincin rana.

Wannan abincin rana ma wani lissafi ne da mutane ke mantawa. Kun riga kun biya shi a cikin kuɗin jirgi. Duk ranar da kuka yini a waje, sau biyu kuka biya abinci, na mutum shida. Kuma ranar da jirgi ke tasha ita ce ranar da ya fi daɗin zama: dubban mutane sun fita, wurin ninƙaya babu layi, wurin cin abinci babu turereniya. Yara da yawa in an tambaye su bayan an dawo gida, wurin wasan ruwa za su ambata kafin su tuna da kowane gini.

Genoa ba ta buƙatar dogon bayani. Gidan kallon kifaye na garin, wanda aka buɗe a 1992 kuma yana cikin mafiya girma a Turai, yana tsohuwar tasha, tafiyar ƙafa kaɗan daga inda jirage ke tsayawa. Inuwa ce, akwai wuraren zama, ya dace da kowa daga Hajiya har autanku. Ku sayi tikitin kai tsaye, ku je da safe, ku dawo da wuri ku huta wa Rum.

A Marseille jirgi yana tsayawa ne can nesa da tsakiyar gari, ba wurin takawa ba ne da yara. Abin da za ku saya shi ne kujerar motar da ke kai mutane gari ta dawo da su, ko ku ɗauki tasi biyu. Daga tsohuwar tasha, Vieux-Port, akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai tayar roba da ke hawa da mutane kan tudun Notre-Dame de la Garde, inda ake hango garin gaba ɗaya. Unguwar Noailles kuma tana kusa, cike da shagunan mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko: mahauta masu naman halal, kayan yaji, dabino. In akwai ranar da ya kamata ku ci abinci a waje, wannan ce.

Valletta kuwa abin kallonta na farko kyauta ne. Ku tashi da sassafe ku hau saman jirgi lokacin da yake shiga tashar, ganuwar dutse ta kewaye ku hagu da dama. An kafa garin a 1566, shekara ɗaya bayan Turkawan Usmaniyya sun yi wa tsibirin Malta, inda garin yake, ƙawanya sun kasa cinye shi. Garin yana kan tudu, amma akwai lif daga bakin ruwa da ke hawa da mutum har lambun Upper Barrakka da kuɗi kaɗan, gwiwar Hajiya ba za ta sha wuya ba. Da ƙarfe 12 na rana ana harba igwa a ƙasan lambun. Ki toshe wa ƙaramin kunne. Idan Alhaji ya dage sai an sayi fita ta biyu, to a nan ku ɗauki ta rabin yini zuwa Mdina, tsohon babban birnin tsibirin, tunda washegari yinin teku ne kowa zai yi barcinsa.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Bizar Ingila ba ta shiga da mutum waɗannan ƙasashe. Duk mai fasfo ɗin Najeriya a cikinku sai ya sami bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta waɗannan ƙasashen Turai, kuma a ƙa'ida mutum yana nema ne daga ƙasar da yake zaune. Ma'ana Hajiya ta nemi tata tun tana Najeriya, kada a jira ta iso Manchester. Na biyu, ku sauka Basalona kwana ɗaya kafin ranar tashi. Jirgin sama in ya makara, na ruwa ba zai jira ku ba.

Salam. Na ga wani kamfani a intanet yana kai mutane yawo daga tasha a kan kusan rabin kuɗin da jirgi ke karɓa. Ni da matata ne kawai. Akwai matsala?
Abdullahi, Abuja

Malam Abdullahi, babu laifi, kuma sau da yawa motarsu ta fi ƙanƙanta, ba a jiran mutum hamsin su fito daga banɗaki. Sharaɗin ɗaya ne: jirgi bai san da su ba. Akan rufe ƙofa kusan rabin awa kafin tashi, kuma wanda aka bari shi zai biya wa kansa hanyar cim ma jirgi a tasha ta gaba. Don haka ka zaɓi wanda zai dawo da ku aƙalla awa biyu kafin lokacin, ka tambaye su a rubuce ko za su mayar da kuɗi idan iska ko wani dalili ya hana jirgi tsayawa a tashar, domin hakan na faruwa. Ka saita agogonka da lokacin jirgi, kada ka dogara da wayar da ke sauya lokaci da kanta. Kafin ka sauka, ka ɗauki hoton takardar shirin ranar, akwai lambar wakilin jirgi na wannan tashar a jiki. A tashoshin da jirgi ke tsayawa cikin ruwa ana kwasar mutane da ƙananan jirage, irin su Santorini a Girka, waɗanda suka sayi fitar kamfani ake fara saukewa, saboda haka kada ka yi alƙawari da mai mota da sassafe.

Ina da ciki wata huɗu, tafiyarmu kuma saura wata biyu. In rage yawan fita ne ko in fasa su duka?
Wata 'yar'uwa, Yamai

'Yar'uwa, kafin maganar fita, ki kira kamfanin yau ɗin nan. Galibin manyan kamfanonin jiragen ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiya, kuma lissafinki ya nuna za ki kai ko ki wuce. Za su iya mayar da ke daga bakin ƙofa ko da tikiti a hannunki. Ki nemi su matso da tafiyar kusa ko su ɗaga ta zuwa bayan haihuwa, ki kuma tambaye su wata nawa jariri zai kai kafin su karɓe shi, domin da yawansu sai ya cika wata shida.