Inda takarda ta yi shiru, ejan zai cike da zato

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ka rubuta takardar bayanin manhajarka shafi 12, ka miƙa wa ejan na ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar AI mai rubuta kod da kanta, gaba ɗaya ka ce ya gina, kafin ka gama shan shayi ya ce ya kammala, amma da ka buɗe sai ka tarar abin ya yi kama da naka, ba naka ba ne. Kana son sanin laifin ejan ne ko na takarda, da kuma yadda ya kamata ya riƙa bin ta.

Irin wannan ta taɓa cin ni. Wata uwar adashi a unguwarmu lissafin littafi ya ishe ta, ta ce in yi mata manhajar da za ta riƙa rubuta zubi da kwasa. Na zauna da ita, na rubuta takarda. A ciki akwai layi biyu da nake ganin ko yaro zai gane: "Zubi duk mako ne. Wadda ta makara za a ci ta tarar naira 200." Ejan ya gina, allo ya yi kyau, na miƙa. Mako na biyu sai ga kira, muryarta a sama. Wata da ta kawo kuɗinta ranar Lahadi, kwana biyu bayan ranar zubi, manhaja ba ta ci ta tara ba. Wata kuma da ta kai Alhamis an ɗora mata naira 800, har an fara cacar baki a tsakar gida.

Da na buɗe kod ɗin sai na ga abin da ya faru. Ejan ya ɗauki mako daga Litinin zuwa Lahadi, yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tsara, sannan ya ɗauka tarar ta kullum ce. A wajen matan kuwa ranar zubi Juma'a ce bayan la'asar, tara kuma sau ɗaya ake ci. Ban rubuta Juma'a ba, don kowa a unguwar ya san Juma'a ce. To shi ejan ba ɗan unguwa ba ne. Bai saɓa wa kalma ko ɗaya a takardata ba, ramuka biyu ya tarar ya cike da zatonsa, bai ce mini uffan ba. Wannan shirun ne babban aibinsa, sakacin kuma nawa ne.

Tun daga nan ba na barin ejan ya rubuta layi ɗaya a zaman farko. Ga abin da nake ce masa, kusan kalma da kalma: "Kada ka rubuta kod. Karanta takardar nan, ka jero mini duk inda ta yi shiru, da duk inda ta yi tufka da warwara, da abin da za ka ɗauka idan ban amsa ba." Da na gwada haka a kan takardar adashin, cikin tambayoyin da ya dawo da su akwai wadda ni kaina ban taɓa tunani ba: idan mace ta riga ta kwasa sannan ta daina zubi, ko ta rasu, a kan wa ragowar take? Wannan ba ni da hurumin yankewa, balle shi. Sai da na koma gidan uwar adashi na tambayo. Kuma ka kula, duk amsar da ka samo, ka mayar da ita cikin takardar, kada ka bar ta a hira. Gobe in ka buɗe sabon zama, ejan bai san an yi wannan hira ba, takarda ce kaɗai za ta tuna masa.

Wajen rubuta takardar ma akwai dabarar da na ara. A 1997 Scott Bradner ya rubuta wata gajeriyar takarda, RFC 2119, wadda masu tsara ƙa'idojin intanet ke bi har yau, inda aka ware MUST da SHOULD da MAY. Ranar da na fara karanta ta sai na yi dariya, na ce ai wannan karatun Ahalari ne: wajibi, mustahabbi, halas, a ɗaya gefen kuma haramun da makaruhi. Haka nake yi wa kowane sharaɗi alama yanzu, in sa masa lamba. Sannan ina ware wani sashe na abin da ba ya cikin aikin nan, domin ejan akwai karambani. Ka ce ya gina ɗaki, ka dawo ka tarar ya ƙara baranda.

Sai batun kuɗi, tunda na ga manhajarka ma za ta karɓi biya. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa da kwabo ake ajiye kuɗi, a cikakkiyar lamba mara ɗigo. Ka buɗe JavaScript, yaren rubuta manhaja, ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, ka ga dalili ke nan. Paystack ma, kamfanin karɓar biya ta intanet, da kwabo yake karɓar adadi: in ka aika masa 5000 kana nufin naira dubu biyar, naira 50 zai cire. Kada ka raina irin wannan. A Satumbar 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, alhali takardar aikin ta ce da ma'aunin nuton za a yi. Takarda daidai take, ba a dai zauna an gwada kod da ita ba.

Shi ya sa mataki na biyu a wajena gwaji ne. Ejan zai ɗauki sharuɗɗan nan masu lamba ya rubuta wa kowanne gwajinsa tun kafin a gina komai, in karanta su da idona, in tabbatar duk sun faɗi tunda babu kod tukuna, in adana su a Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa kod. Sai sannan ya fara gini.

A nan ka buɗe ido sosai. Akwai ranar da nake kallon ejan yana fama da gwajin raba kuɗi: naira 1,000 tsakanin mutum uku, takarda ta ce rarar kwabo ɗayan na wadda ke farkon layi ne, wato kwabo 33,334 a wajenta. Kod ɗinsa yana ba ta 33,333. Ya gwada sau biyu bai ci ba, a na uku sai ya lallaɓa cikin fayil ɗin gwajin ya mayar da lambar 33,333, ya dawo yana mini albishir cewa duk gwaje-gwaje sun wuce. Ɗalibi ne ya gyara takardar amsar malami. Da ban duba bambancin da Git ya nuna ba, da shi ke nan. Yanzu a fayil ɗin umarni na dindindin, wanda wasu ejan ke karantawa da sunan AGENTS.md, ejan ɗin Claude Code kuma CLAUDE.md, na rubuta cewa haramun ne ya taɓa foldar gwaji, in yana ganin gwajin ne ke da kuskure ya tsaya ya faɗa mini dalili. Wani lokacin ma shi ke da gaskiya, amma ni zan yanke.

Shafi 12 a loma ɗaya kuwa ya yi yawa. In aiki ya yi tsawo sharuɗɗan farko sukan sulluɓe masa. Ka sa ya yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ambaci lambar sharaɗin da take cikawa, ya gama ɗaya, ka duba, ka adana, sannan ta gaba. Kiro na Amazon da Spec Kit na GitHub, kayan aikin gina manhaja da ejan da suka fito a 2025, a kan wannan tsari aka gina su: buƙatu, sai fasali, sai jerin ayyuka. Amma ba dole sai da su ba, ni da fayiloli uku na rubutu zalla nake yi.

Game da wanda ya riga ya gina maka, kada ka yi saurin gogewa. Buɗe sabon zama, ka ba shi takardar da kod ɗin, ka ce kada ya gyara komai, ya bi sharaɗi bayan sharaɗi ya nuna maka layin da ya cika kowanne, da waɗanda babu, da abin da ke cikin kod wanda takarda ba ta ce a yi ba. Wannan kaso na ƙarshen ka fara karantawa, nan zatonsa yake ɓuya. A nawa, nan na tsinci Litinin ɗin. In ka samu jerin ka turo shi nan mu duba tare, in sha Allahu da daddare ina kusa.